Gwajin DNA na kansar huhu: aikin ya yi, hidimar ce da sauranta

Bari in faɗi ra'ayina tun farko kafin surutu ya yi yawa. Gwajin nan da ake yi wa ƙarin kansar huhu don a gano wace irin tangarɗa ce ta faru a cikin DNA ɗinsa, gwaji ne da ya cancanci a yi, kai ni a wajena ma duk wanda aka ce yana da nau'in kansar huhu da ake kira adenokasinoma kuma ta riga ta bazu, in dai jikinsa zai iya ɗan jira, bai kamata a ɗora shi kan magani ba sai an ga sakamakon. Amma kamfanin da ya yi mana namu kam, hmm, in maki zan bayar to gwajin kansa ya ci biyar cikin biyar, su kuwa yadda suke tafiyar da mutane da ƙyar suka kai uku. Ba zan kama sunansu ba, kuma duk sunayen da za ku gani a ƙasa babu nasu a ciki.

Yayata aka yi wa. Mace ce da ko warin taba ba ta so, tari ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka sha maganin ƙwayoyin cuta kala-kala, sai da aka yi sikanin ƙirji aka ga abin, aka ciro ɗan nama daga huhun aka ce kansa ce kuma ta taɓa ƙashi. Mutane har yanzu da sun ji kansar huhu sai su tambaya yana shan sigari ne? Eh taba ita ce babbar sila, babu musu, amma akwai ɗimbin mutane musamman mata da ba su taɓa kai kara baki ba kuma sun kamu, kuma abin mamakin su ne ma wannan gwajin ya fi yi wa rana. A ƙididdigar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da ita a duniya, kusan miliyan 1.8 suka rasu, babu kansar da ta kai ta kisa. Wajen kashi 85 cikin 100 nau'in da ake cewa mara ƙananan ƙwayoyi ne, adenokasinoma ce ta fi yawa a cikinsu, sauran kashi 15 ɗin su ne masu ƙananan ƙwayoyi, su wannan gwajin bai cika canza musu magani ba.

Da aka ce DNA wasu 'yan uwa sun ɗauka irin gwajin nan ne na tabbatar da uban yaro, wasu kuma hankalinsu ya tashi wai ko ciwon gado ne mu ma yana jikinmu. Ba haka ba ne. Abin da ake dubawa DNA ɗin ƙarin ne shi kansa, tangarɗar da ta faru a ƙwayoyin huhu can bayan an haifi mutum ya girma, ba a gadonta kuma ba a ba 'ya'ya, sai fa nadiran a ci karo da wadda ta yi kama da ta gado, wannan kuma gwaji daban ake sakewa a tabbatar. Yadda likitanta ya yi mana bayani shi ne, a jikin kowace ƙwaya akwai makunni da ke ce mata ta hayayyafa in an buƙata, ta tsaya in an gama, to a wasu masu kansar makunni guda ɗaya ne ya maƙale a kunne ya ƙi kashuwa, in aka gano wanne ne, akwai ƙwayar magani da aka ƙera don shi kaɗai. Shi ke nan duk hikimar. Wahalar ita ce makunnan suna da yawa kuma maganin wani ba ya yi wa wani komai.

Labarin yadda aka gano abin ya burge ni shi ya sa zan ɗan tsaya a kai. Akwai wani magani gefitinib da aka fara ba masu kansar huhu a farkon shekarun 2000, yawancin mutane bai yi musu komai ba, amma 'yan kaɗan sai ka ga mutumin da ke kwance ya miƙe ƙarin ya tsuke, likitoci suka rasa gane dalili, sun dai lura yawanci mata ne, marasa shan taba, kuma 'yan gabashin Asiya sun fi yawa. A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka suka gano cewa waɗanda yake yi wa aiki suna da tangarɗa a wani gurbi na DNA, ɗaya daga cikin makunnan nan, da ake kira EGFR. Sai a 2009 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a gabashin Asiya mai suna IPASS, mutum fiye da 1,200, kuma alƙaluman nan su suka sa na daina ganin gwajin a matsayin ƙarin ɗawainiya: masu tangarɗar EGFR da aka ba gefitinib, kashi 71 cikin 100 ƙarinsu ya ragu, waɗanda aka ba kemo, wato maganin kansa da aka saba bayarwa, kashi 47. Amma marasa tangarɗar da aka ba gefitinib, kashi 1 kacal, alhali kemo ya yi wa wajen kashi 23 nasu aiki. Ka ga magani ɗaya, ciwo ɗaya a ido, wannan 71 wancan 1. Ba yadda za a yi likita ya kalli fuskarka ko hoton ƙirjinka ya san a wane ɓangare kake.

Ita EGFR ɗin yawanta ya danganta da asalin mutum, a turawa wajen kashi 10 zuwa 15 na masu adenokasinoma, a gabashin Asiya kuwa tana kai 40 zuwa 50, mutanen Afirka kuma ba su da yawa a cikin manyan binciken da aka gina ilimin a kansu, wanda wannan ma wani dalili ne na a gwada kowa kawai a daina hasashe. Bayanta a 2007 tawagar Hiroyuki Mano a Japan ta gano ALK, inda gurbi biyu suke haɗewa su zama abu ɗaya, ita kashi 3 zuwa 5 ce, maganinta na farko crizotinib ya samu amincewa a 2011. Daga nan abin ya ɓalle, ROS1, BRAF, RET, MET, NTRK, HER2, kowacce kashi 1 ko 2 ko 3, wata ma ba ta kai 1 ba, amma kowacce da maganinta. KRAS kuwa wadda ta fi yawa a masu shan taba shekara kusan 40 ana cewa ba ta jin magani, sai a 2021 aka amince da sotorasib, shi ma nau'i ɗaya kawai yake kamawa, G12C.

To a da ɗaya bayan ɗaya ake gwada su, a duba EGFR in babu a duba ALK in babu a duba na gaba, kowanne sai an yanki ɗan naman, kafin a kai na huɗu naman ya ƙare lokaci ma ya tafi. Shi ya sa aka koma gwajin bai ɗaya da ke karanta gurabe da yawa a tashi guda. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da gwajin FoundationOne CDx a 2017, gurabe 324 yake dubawa daga nama, a 2020 kuma ta amince da Guardant360 CDx da FoundationOne Liquid CDx waɗanda daga jini suke yi. Yanzu kamfanoni da dakunan gwaji masu irin wannan aikin sun yi yawa, namu ɗaya ne daga cikin sauran da ban kama sunansu ba, kuma suna yin duka biyun, na nama da na jini.

Da na nama muka fara don shi ne asali. Ban taɓa sanin yadda ake ajiye naman da aka ciro ba sai ranar, ashe a cikin kakin kyandir ake daskarar da shi, wani ɗan murabba'i fari a cikin robar da ba ta kai akwatin ashana ba, naman kansa in ba an nuna maka ba ba za ka gan shi ba, wani siririn zare ne ruwan ƙasa a tsakiya. Na riƙe shi a hannu ina kallo ina cewa yanzu wannan ɗan abin ne zai faɗi maganin Yaya. Aka cike fom, aka sa a ambulan ɗinsu, aka ce mu sa ran sakamako cikin sati biyu.

Nan ne suka fara ba ni haushi. Sati biyun ya cika shiru, na kira layinsu aka ce ana kan aiki, na tura saƙon imel aka maido min da amsar nan da kwamfuta ke turawa kowa, na sake kira wata ta ɗauka ta ce ba za su iya gaya min komai ba sai likitan da ya tura, likitan kuma ya duba shafinsu babu komai sai kalmar ana aiki. Can daga baya sai ga takarda shafi ɗaya wai naman bai isa ba, DNA ɗin da suka samu bai kai a karanta ba. Shi rashin isar nama ba laifinsu ba ne, abu ne da ke faruwa sosai a kansar huhu don allurar da ake cirowa da ita siririya ce, kuma yawancin dakunan gwaji suna son a ce aƙalla kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin da ke cikin naman na kansa ne, ga shi asibiti sun riga sun yanki rabonsu don gane nau'in ciwon. Laifinsu shi ne wannan abu ne da ake ganewa tun kwanakin farko da aka sa naman a madubi aka ciro DNA, me ya hana su buga waya a lokacin? Wallahi mai lafiya ba zai gane nauyin sati guda ba, amma wanda ke kwana a zaune don numfashi ya sani. Wani abu da na koya a nan, in daga ƙashi aka ciro naman, ruwan asid mai ƙarfi da ake jiƙa ƙashin a ciki don ya yi laushi yana lalata DNA, saboda haka da aka kawo shawarar a sake cirowa daga ƙashin likitan bai yi na'am ba.

A cikin wannan jiran ne sakamakon PD-L1 ya fito daga asibiti, wata alama ce da ake dubawa a jikin ƙwayoyin kansar, shi ba gwajin DNA ba ne, rini ake sa wa naman a duba a madubi, shi ya sa yake saurin fitowa. Nata ya fito sama da kashi 50 cikin 100, kuma duk wanda ya ɗan yi bincike a intanet ya san tun gwajin KEYNOTE-024 na 2016 ake ba masu 50 zuwa sama pembrolizumab, maganin nan mai zaburar da garkuwar jiki, ba tare da kemo ba. Gida ya ɗauka, kowa na cewa ai ga magani an samu me ake jira, ita kanta ta gaji. Ta ce da shi, "Likita, don Allah a fara min ko mene ne, zaman nan ya ishe ni." Ya ce, "Ki yi haƙuri ranki ya daɗe, na san ba daɗi, amma in na sa miki wannan ruwan yau, gobe takarda ta fito ta ce EGFR, na ɓata miki hanya." Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Auta kai ka gane abin da yake faɗa?" A lokacin rabi na gane. Bayanin shi ne masu tangarɗar EGFR ko ALK maganin garkuwar bai cika yi musu aiki ba ko da PD-L1 ɗinsu ya yi sama, akwai ma wani ƙaramin gwaji a Amurka da aka ba masu EGFR pembrolizumab tun farko, mutum 11 kawai aka sa aka dakatar don ba ya aiki. Na biyu kuma wanda ya fi ban tsoro, maganin garkuwar yana daɗewa a jiki watanni, in aka ɗora osimertinib, ƙwayar maganin da ake ba masu EGFR, a kansa haɗarin kumburin huhu mai tsanani yana ƙaruwa. Wato saurin da kowa ke so zai iya sa maganin da ya dace da kai ya zame maka haɗari. In jiki ya matsa ba a iya jira, abin da likitoci da yawa suke yi shi ne su ba da kemo zalla zagaye ɗaya su riƙe na garkuwar sai takarda ta fito.

Sai aka koma na jini, kuma a nan dole in yaba musu. Kwali ne ɗan ƙarami da kwalabe biyu a ciki, nas ta ɗebi jinin ta riƙa juya kwalbar a hankali sama da ƙasa don ya gauraya da ruwan da ke hana shi lalacewa, ta ja min kunne kada a sa a firij kada a bari a rana, aka liƙa lamba aka tura. Babu azumi, babu allurar barci, babu fargabar huhu ya sace iska kamar yadda ake yi in za a ciro nama. Cikin kusan sati guda sakamako ya fito. Yadda abin yake shi ne ƙwayoyin kansa in sun mutu suna zubar da gutsattsarin DNA a cikin jini, na'ura ta tsince su daga cikin ɗimbin na lafiyayyun ƙwayoyi ta karanta. Nata ya nuna EGFR, irin wadda wani yanki ya gutsire a sashe na 19, wadda ita da L858R su ne kusan kashi 85 zuwa 90 na duk tangarɗar EGFR kuma su suka fi jin magani.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya ce to ai jini kawai zan yi. Mu sa'a muka yi ƙarinta yana zubar da DNA sosai don ya bazu. Idan jini ya nuna abu, ana yarda da shi a fara magani, idan kuwa bai nuna komai ba, wannan ba ya nufin babu, wasu ƙarin ba sa zubarwa, musamman in ciwon bai fita daga ƙirji ba ko a ƙwaƙwalwa kawai ya bazu, kuma irin haɗewar nan ta ALK da ROS1 da RET tana iya kuɓuce wa gwajin DNA ko na nama ne balle na jini, shi ya sa dakunan gwaji masu kyau suke ƙarawa da karanta RNA, wato kwafin saƙon da ƙwaya ke fitarwa daga DNA. Wannan gargaɗin a rahoton kamfanin namu yana nan, amma a can ƙarshe da ƙananan haruffa, alhali shi ya kamata ya zauna a shafin farko da manyan baƙi. Ina tunanin mutum nawa ne suka ga an rubuta ba a samu komai ba suka haƙura.

Rahoton kansa kuwa, shafin farko ya yi kyau, sunan tangarɗar, magungunan da aka amince da su a gefenta, likita minti ɗaya ya isa ya gane. Daga shafi na biyu ne ciwon kai ya fara. Akwai wata lamba a gefen kowace tangarɗa mai nuna kashi nawa na DNA ɗin da ke jinin ne ke ɗauke da ita, Yaya ta ga ƙaramar lamba ta yi murna wai ciwon kaɗan ne, wani ɗan uwa kuma ya ce a'a ai in lambar ƙarama ce maganin ba zai yi aiki sosai ba, dukkansu ba haka ba ne, tangarɗar EGFR ko ƙasa da kashi 1 ta nuna a jini magani ɗaya ake bayarwa. Sai wata tangarɗa a gurbin DNMT3A da ta fito, na kwana ina bincike a waya ina ganin ana haɗa ta da kansar jini, gabana ya faɗi, ashe yawanci irinta ba daga ƙarin take ba, daga ƙwayoyin jinin mutum ne da kansu, abu ne da ke zuwa da shekaru ga mutane da yawa masu lafiya. Sai kuma dogon jerin waɗanda suka rubuta cewa ba a san ma'anarsu ba, an gan su amma babu wanda ya tabbatar suna da illa ko ba su da ita. Sannan shafuka da shafuka na gwaje-gwajen sababbin magunguna da ake ɗaukar mutane, yawancinsu a ƙasashen da mara lafiya ba zai iya zuwa ba, wasu da likitan ya duba ma an rufe ɗauka. Duk wannan ba wanda ya kira daga kamfanin ya ce ga abin da ke da muhimmanci ga wanda za ku tsallake, ba shafi guda da aka rubuta da harshen da mara lafiya zai gane. Kamfanin da ya iya tsinto ɗigon DNA daga kwalbar jini ai bai kamata rubuta shafi ɗaya mai sauƙi ya gagare shi ba.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato batun wai gwajin yana faɗin yadda ciwon zai kasance. A tallansu haka suke nunawa, kamar zai zana maka gaba. Gaskiyar ita ce wajen zaɓen magani ya ƙware, wajen faɗin gaba kuwa alama kawai yake bayarwa ta taro ba ta mutum ɗaya ba. Misali rahoton Yaya ya nuna wata tangarɗar a gurbin TP53 tare da ta EGFR, kuma bincike da yawa ya nuna masu biyun a haɗe maganin ya fi saurin daina yi musu aiki in aka kwatanta da masu EGFR kaɗai, haka masu STK11 ko KEAP1 yawanci ciwonsu ya fi taurin kai kuma maganin garkuwa bai cika kama su ba. Duk gaskiya ne, amma TP53 ɗin nan kusan rabin masu EGFR suna da ita, kuma a cikinsu akwai wanda ya yi shekaru akwai wanda bai yi ba. Haka alƙaluman gwajin FLAURA da ya sa osimertinib ya zama maganin farko a 2018, wata 18.9 kafin ciwon ya motsa, tsofaffin magungunan wata 10.2, tsawon rai kuma wata 38.6 da 31.8. Mutum ya ga 38.6 sai ya fara ƙirga watanni a yatsa, alhali ma'anar lambar ita ce rabin mutanen sun wuce nan rabi ba su kai ba, ba ta san a wane rabin kake ba, kwana dai na Allah ne. Inda na ga amfanin TP53 ɗin a aikace shi ne ta shiga cikin abin da likitan ya auna da yake tunanin ko ƙwayar kaɗai za a ba ta ko a haɗa mata da kemo, don gwajin FLAURA2 ya nuna haɗin yana kai wata 25.5 kafin ciwon ya motsa maimakon 16.7, kuma an amince da shi a 2024, sai dai wahalarsa ta fi yawa. Ita ta zaɓi ƙwayar kaɗai bayan an zauna an yi mata bayani, kuma zaɓinta ne. Masu ALK ma su labarinsu ya fi daɗi, a gwajin CROWN bayan shekara 5 kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke shan lorlatinib ciwonsu bai motsa ba, na crizotinib kashi 8, abin da shekara 20 da suka wuce ko a mafarki ba a faɗa wa mai kansar huhu da ta bazu.

Akwai kuma wata lamba TMB da suke sawa a akwati kamar wani babban abu, wato yawan tangarɗa gaba ɗaya, an ce in ta kai 10 maganin garkuwa ya fi kamawa, FDA ma ta amince da hakan a 2020, amma a kansar huhu likitoci ba su haɗu a kanta ba, namu ko kallo bai yi mata ba.

Maganin nata, wato osimertinib, ƙwaya ɗaya ce kullum, miligiram 80. Cikin 'yan makonni tarin ya lafa ta koma kwanciya a kan gado kamar kowa, sikanin da ya biyo baya ya nuna ƙarin ya tsuke sosai. Ba kyauta ya zo ba dai, ƙuraje, bushewar fata, gudawa jefi-jefi, gefen farcenta yana kumbura yana tsagewa har ɓalle maɓalli yana mata zafi, kuma lokaci-lokaci ana duba bugun zuciya don maganin yana iya taɓa shi. Ba warkewa ba ce kuma likitan bai taɓa ce mana warkewa ce ba.

Abin da ya sa har yanzu ban yar da lambar kamfanin ba duk da haushinsu shi ne gwajin nan ba sau ɗaya ake yinsa ba. Kansar tana canza salo, a zamanin gefitinib da erlotinib fiye da rabin waɗanda maganin ya daina yi wa aiki wata sabuwar tangarɗa ce T790M take fitowa, don ita ma aka fara ƙera osimertinib aka amince da shi a 2015, shi kuma nasa hanyoyin kuɓucewar daban ne, MET ta ninka kanta, ko C797S ta fito, ko kuma ƙarin ya rikiɗe gaba ɗaya ya koma nau'in ƙananan ƙwayoyi, wanda shi wannan jini ba zai tabbatar da shi ba dole sai an sake ciro nama an duba a madubi. Saboda haka duk ranar da sikanin ya nuna motsi za a sake gwaji, kuma a wannan karon na riga na gaya wa likitan a tura jini da nama rana ɗaya kada a jira ɗaya ya faɗi kafin a fara ɗayan. In kai ma za ka tura naka, ko wane kamfani ne, tambaye su tun kafin ka sa hannu ko suna karanta RNA ko DNA kawai, cikin kwana nawa za su sanar in naman bai isa ba kuma wa za su kira, sannan ragowar kakin nan su dawo da shi asibiti, don namu sai da muka yi ta bibiya kafin aka maido shi.